Wa aka tambaya a cikinmu?

Mai wani labari da na karanta ya ce ra'ayin jama'a ne ya kamata ya yanke hukunci kan zubar da ciki, to wace jama'ar? Amurka a 2022 kotun ƙoli ta maida maganar hannun jihohi, Faransa kuwa a 2024 ta saka 'yancin zubar da ciki cikin kundin tsarin mulki, kowa da gidansa. Mu nan Damagaram musulmi ne, malamai da likitoci ya kamata a zaunar, har da ungozomomi. Kai kuma Malam da ka yi sharhi a kan labarin cewa haramun ne kawai, na ga maƙwabciyata jini na zuba aka ɗauke ta a adaidaita cikin dare, da ƙyar ta rayu wallahi. Idan ran uwa ne a hatsari fa, me za ka ce wa mijinta?