Barewar Farasan ba kilishi ba ce

Wallahi tun jiya da na ga bidiyon wani Bahaushe ɗan'uwanmu yana bin barewa da mota a tsibirin Farasan na Saudiyya, raina a ɓace yake. Masu cewa a bar maganar ai wasa ne, wane irin wasa? Ƙato da gemu, ka tuƙo mota wajen kilomita 700 daga Jidda zuwa Jizan, aka loda ka a jirgin ruwa kai da motarka kyauta, ko riyal ɗaya ba a karɓa ba, aka tsallakar da kai Farasan, sai abin da ya faɗo maka a rai shi ne ka bi barewa a guje kana danna hon, abokanka a baya suna ihun kilishi kilishi. Sannu sarkin dawa. A buga masa tambari.

Matsalarmu ke nan, duk abin da ya motsa nama ne a idonmu. Tsuntsu nama, kunkuru nama, barewa kuwa ba a magana. A shekarar 2021 UNESCO ta sa tsibiran nan cikin wuraren da ake kare halittunsu, su ne na farko a duk Saudiyya, amma gogan naku tukunya kawai ya hango.

Wani ya rubuto min wai ai bai kashe ta ba. To madalla, mun gode da ya bar ta da rai. Wani kuma wai Larabawa ma suna yi. Ɗan'uwa, ranar da aka kama ka sunan wa za a kira? Takari za a ce, mu duka, har da tsohuwar da ke sayar da ƙosai ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Kuma iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, a hannun hukumarsu take, ka tuna.

Ni na je Farasan da yarana bara. Bayan asuba muka fita, muka tarar da bareyi guda biyu gindin wata ƙaya, 'yan ƙanana ne sosai, ɗaya ta tsaya cak tana kaɗa kunne tana kallonmu, autata ta riƙe min riga tana raɗa Baba kar ka yi motsi. Da hantsi muka shiga kwalekwale cikin dajin Ƙandal, itatuwa tsaye a cikin ruwan gishiri, mai jirgin ya kashe inji, shiru sai kukan tsuntsaye. Shekara nawa ina ƙasar nan ban taɓa jin iska ta shige ni haka ba. Wannan ne wani ya je ya cika da hon. Barewa ba kilishi ba ce jama'a, a kalle ta a wuce.

Af, masu tafiya Farasan bikin kamun kifin da ake kira harid a watan Afrilu, don Allah wani ya riƙo min kwalin mangwaron Jizan. Wanda na saya nan Jidda satin jiya tsami kamar tsamiyar biri, kuma mai shagon har rantsuwa ya yi min.