Masu kulle layi a Gombe, wa kuke gudu?

Makon jiya Goggona ta taso daga ƙauyenmu a ƙasar Kwami don yin barkar haihuwa a gidan ɗan yayanta, cikin ɗaya daga sababbin unguwannin da suka tsiro a bayan Tumfure. Ta riƙo yajin jego da kanwa da 'yar kwalbar man shanu. Ɗan acaba ya kawo ta har bakin layi, sai ga ƙofar ƙarfe a rufe, da wani dattijo zaune a kan benci. Ya ce, "Hajiya, wurin wa kika zo?" Ta faɗi sunan da ake kiran mai gidan da shi tun yana yawo ba wando. Maigadi bai taɓa jin wannan suna ba, shi Injiniya ya sani. Goggo ba ta da waya, ɗan acaba kuma ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Haka ta zauna a gindin katanga, rana na dukanta, har kusan awa guda, sai da Allah ya kawo wani yaron gidan da aka aika sayen burodi ya gane ta. Da na je gaishe ta da yamma, abin da ta fara ce min shi ne, "Ashe yanzu a Gombe sai da iso ake shiga gidan ɗan'uwa, kamar fada."

Wannan yayi na dasa get a bakin layi yana bazuwa a sababbin unguwanni kamar wutar daji. Masu gida su yi karo-karo, a kira mai walda, a kafa ƙofa a kan hanyar da ta kowa ce, a ɗauki maigadi. In ka tambaya a ce maka tsaro. To, na yarda ana sata, na kuma san abin da 'yan dabar Kalare suka yi wa garin nan shekara da shekaru, babu wanda zai koya min wannan. Sai dai ɓarawon da ya yi niyya katanga yake haurawa, ba ya biyowa ta gaban benci ya yi sallama. Waɗanda ƙofar ke tarewa su ne Goggo da mai tallan nono da mai gyaran takalmi da almajiri.

Abin da ya fi ƙofar kanta ci min rai shi ne maganar da ke rakiyarta. Ka zauna a walimar tarewa a irin waɗannan gidaje, ba za a tashi ba sai wani ya gyara zaman hula ya ce, "Ai cikin gari ya lalace, baƙi sun cika shi, ba ka san wanda kake zaune da shi ba." A gyaɗa kai, a ci gaba da cin nama. Su wane ne baƙin? Garin da muke ciki ma ai baƙo ne a wurin. Buba Yero ya kafa masarautar ne a Gombe Abba a zamanin jihadin 1804. Turawa suka ɗauke hedikwata zuwa Nafada a 1913, sannan suka sauko da ita nan Doma a 1919. Tun daga ranar kowa zuwa ya yi. Auduga ta jawo wasu, har yau akwai unguwar da ke amsa sunan BCGA, wato kamfanin auduga na Turawa, saboda injin gurzar da aka kafa a wurin. Layin dogo ya iso a farkon shekarun 1960 ya kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Da aka yanke jihar daga Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996, ma'aikatan gwamnati suka yi ta kwararowa daga Kaltungo da Billiri da Dukku da Bajoga da Deba, wasu har a ofis suke kwana kafin su sami ɗakin haya. Shi kansa mai gyara hular, in ka bi salsala, da wuya kakansa ya kwanta a maƙabartar garin nan.

Idan kuma da baƙi ana nufin mutanen Borno da Yobe da Adamawa da suka shigo lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani wajen 2014, to a faɗa a fili mu ji. Akasarinsu ba a sansani suka zauna ba, gidajen mutane suka raɓa, talakawan cikin gari suka matsa musu a ɗaki da tukunya. Yau da yawansu su ne masu shago da masu ɗinkin hula da masu sayar da turaren wuta, suna biyan haya, suna aurar da 'ya'ya. Ban ji masu katanga mai waya a sama sun sauke ko mutum ɗaya ba a wancan lokacin, amma su ne suka fi kowa ƙorafi.

Na yi shekara goma sha ɗaya ina haya a Jekadafari, a gidan da ke da ɗakuna takwas da banɗaki biyu, don haka ba daga littafi nake magana ba. Akwai hayaniya, akwai rigimar kuɗin wuta duk ƙarshen wata, akwai layin banɗaki da asuba wanda ba na fatan maƙiyina ya tsaya a ciki. Amma daren da naƙuda ta kama maiɗakina wajen ƙarfe biyu, ban kira kowa a waya ba, ƙofa kawai na buga. Maƙwabciyarmu Batangaliya, ma'aikaciyar jinya, ta fito da zanen barci ta duba ta, ta ce, "Malam, maza nemo mota, wannan ba ta gida ba ce." Wani Babarbare mai Keke Napep da ke ɗakin ƙarshe ya tura kekensa waje ba tare da ya tambayi ko sisi ba. Ɗan Ibo mai kemis a bakin titi ya buɗe shago cikin daren ya ba ni abin da aka rubuta, ya ce in kawo kuɗin in an yi albashi. Ranar suna, tukunyar da aka dafa shinkafa a ciki ta wata Bayarabiya ce. Ban san abin da ake kiran wannan ba a sabuwar unguwa, inda mutum zai shekara uku bai san fuskar wanda ke bayan katangarsa ba sai dai lambar motarsa.

Ba wai cikin gari lafiya lau yake ba. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke damun Herwagana da Bolari da Pantami da Kumbiya-kumbiya ruwan sha ne da ke zuwa yau ya ɗauke sati, alhali ga madatsar Dadin Kowa nan a gefenmu, sai magudanan da suka toshe da leda, sai kwarin da ke cinye gidaje duk damina, sai samari da suka gama sakandare ba aiki. Wanne ne a ciki Batere ko Bawaje ko Babole ya kawo a jakarsa? Abin da ya faru shi ne waɗanda ke da bakin da za a ji in sun yi magana, manyan ma'aikata da 'yan kwangila da 'yan siyasa, sun tattara sun bar unguwannin da suka raine su. Da a ce darakta yana kwana a layin, da kwalbatin nan bai shekara biyar a karye ba.

Ga kuma wani abin da ba a son faɗa. Gombe a cikin kwari take, ruwan sama daga tudun yamma yake gangarowa ya ratsa gari. Wanda ya ga ambaliyar watan Agustan 2004 ba ya bukatar a yi masa bayani. Duk gonar da aka sare bishiyoyinta a saman tudu aka yanka fuloti, aka shimfiɗa siminti daga get har bayan gida, ruwan da ƙasa take shanyewa a da yanzu ba shi da wurin zuwa sai ƙasa, cikin ɗakin talaka. Wato mai cewa ya gudu daga matsalar cikin gari, daga sama yake ƙara tura mata ruwa.

Akwai kuma 'yan uwansu, masu waƙar ƙauye a Facebook, da hoton bukka da ƙwaryar fura da "Allah Ya mai da mu gida." Waɗannan ba sa bukatar dogon martani: ranar Sallah suke zuwa, kafin magariba sun juyo saboda ba sabis. Ƙauye yana da daɗinsa, ni ma can aka binne cibiyata, amma ku tambayi matar da aka ɗauko a amalanke tana zubar da jini, ko manomin da ke kwana a gona don kada a wayi gari shanu sun gama da wakensa. Mutanen ƙauye ba su taɓa ruɗin kansu ba, shi ya sa duk mai ciwo mai tsanani asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe ake nufa da shi, duk mai hatsi Tudun Hatsi yake kawowa, duk yaron da ya yi ƙoƙari a makaranta jami'ar jiha ko ta Kashere ake nema masa.

Sabuwar unguwa ita ce ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko. Ba gari ba ce, don ba kasuwa, ba makarantar gwamnati ta kirki, ba dakalin da za ka zauna ka ji wanda ya rasu da wanda ya haihu. Ba ƙauye ba ce, don ba gona ba rumbu. Ko a takarda ma a tsakiya take rataye. Ƙaramar hukumar Gombe ba ta wuce murabba'in kilomita 52 ba, gari ya daɗe da tumbatsa zuwa cikin Akko da Yamaltu Deba da Kwami. Mazaunin Tumfure a Gombe yake aiki, a Gombe yake cefane, amma shugaban ƙaramar hukumarsa a Kumo yake zaune. In hanya ta lalace kowa sai ya nuna ɗan'uwansa. A wurare da dama ta wannan ɓangaren ruwan ƙasa yana da nisa sosai, haƙa burtsatse sai mai ƙarfi, saura kuwa tanka suke saye. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000, kai yara makaranta a cikin gari da ɗauko su ya zama wani albashi na daban. Na san waɗanda suka jingine mota suna tsayawa a bakin titi da farar shadda suna jiran keke. Ba dariya nake musu ba, ni ma da na samu fili can zan gina, don kuɗin haya a cikin gari ya fi ƙarfina. Amma mutum ya ce tsadar fili ce ta fitar da shi, kada ya ce ƙyamar mutane ce, har ya mai da ita abin alfahari.

Hanya ta jama'a ce, hukumomin tsara gari da na filaye sun fi kowa sanin haka, kuma babu dalilin da za su bari wasu mutum goma su sa mata kwaɗo. In tsaro ake so, a ɗauki 'yan sintiri su zagaya, a sa fitila a layi, a san juna. Kada a sake amincewa da yanka fuloti a inda ba a ware filin makaranta da kasuwa da hanyar ruwa ba. Kuɗin da ake zubawa a kan titunan da ke zuwa gidajen manya, a karkatar da rabinsa zuwa magudanan tsofaffin unguwanni. Ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba.

Da na raka Goggo za ta koma, na tsaya na gaisa da dattijon nan na bakin get, don ta ce kada in yi masa faɗa, aikinsa yake yi. Na ce, "Baba, kai mutumin ina ne?" Ya yi dariya ya nuna min wani bene mai jan rufi da haɓarsa. Ya ce daga wancan gidan har zuwa inda masallaci yake, gonar mahaifinsu ce, dawa da gyaɗa suke nomawa. Dillalai suka yi ta sintiri har shi da 'yan uwansa suka sayar, aka raba kuɗin, ya aurar da 'ya'ya biyu, ya je Umara, saura ya bi ruwa. Yanzu masu gidajen ne ke haɗa masa ɗan abin da suke ba shi a wata, hatsi kuma awo yake yi a kasuwa kamar kowa. Muna cikin magana wata mota ta danno hon, ya miƙe da sauri ya tafi buɗe ƙofa.