Wai fim ba wurin koyon tattalin arziki ba ne

Na ga abin da wani masanin tattalin arziki ya rubuta, wai duk wanda ya fahimci rikicin kuɗin 2008 ta hanyar fim ɗin The Big Short bai fahimci komai ba, an dai mayar da masifar mutane abin dariya. Madalla. Sannu da ilimi, ranka ya daɗe, mu jahilai muna godiya.

Amma kafin fim ɗin ya fito a 2015, ku masana mutum nawa kuka zaunar kuka fahimtar? Tun ranar 15 ga Satumba 2008 da bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe kuke ta taro a manyan otal, kuna jifan juna da kalmomin da ku kanku sai kun leƙa takarda. Talaka ya wayi gari ba aiki, bai san hawa ba bai san sauka ba, bayanin da ya samu daga gare ku kuwa hamma kawai yake sa shi.

Sai ga Adam McKay, wanda da finafinan barkwanci aka san shi, ya ɗauki littafin Michael Lewis ya yi abin da ya gagare ku. Ya tsayar da mai girkin nan Anthony Bourdain a kicin, gabansa kifin da ya kwana uku ba a saya ba. Zubarwa zai yi? Ina! Ya yayyanka ya zuba a miya, ya koma sabon abinci. To wannan fa shi ne CDO ɗin da ake firgita mu da sunansa. An bai wa mutanen da ba su da halin biya bashin sayen gida, bankuna suka tattaro basussukan da suka yi kwantai suka cakuɗa, kamfanonin tantancewa irin su Moody's da S&P suka buga musu hatimin AAA, wato shaidar mafi aminci, aka sayar wa duniya. Cikin ɗan lokaci da kifi ɗaya an gama darasi.

Abin da malam ya ƙi gani shi ne wahalar harshen nan da gangan ce. Muddin mutum yana jin maganar ta fi ƙarfin kansa, ba zai tambayi inda kuɗi suka shiga ba. Gundurar da kuke alfahari da ita, kuna kiranta zurfin ilimi, ita take yi wa masu laifi gadi. Wanda ya sa direban tasi ya gane abin har ransa ya ɓaci ya fi wanda ya rubuta shafi ɗari ba a karanta ba.

Za a ce ai an saka jaruma Margot Robbie cikin bahon wanka tana bayani. Na ji, ban ce ka kalla da yara ba, tura gaba. Za a ce an mayar da waɗanda suka ci riba daga faɗuwar kasuwa jarumai. Wannan ma a cikin fim ɗin aka ba da amsa, inda Brad Pitt ya tsawata wa samari biyu da suke rawar murna a Las Vegas, ya tuna musu cewa ribarsu na nufin mutane za su rasa gida da aiki.

Kuma wallahi, ban da wasa, akwai wurin da dariya take tsayawa a maƙogwaro. Ɗan hayar nan na Florida da aka nuna a fim ɗin, yana biyan kuɗin hayarsa bai taɓa fashi ba, ashe mai gidan da sunan karensa ya ci bashin, kuma ya daina biya. Mutumin ya tsaya bakin ƙofa yana tambaya ko tashi zai yi, ga yara a makaranta. Miliyoyin iyalai aka kora daga gidajensu a Amurka, majalisa ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, babban ma'aikacin banki ɗaya, Kareem Serageldin na Credit Suisse, shi ne ya tafi gidan yari, wata 30. Mutane da yawa a fim suka fara jin wannan, ba a ajinku ba.

Af, 'yan Kannywood, ku ma kuna ji. A 2009 Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki ya kori shugabannin bankuna, aka zuba naira biliyan 620 don kada su nutse. Labari a ƙofar gida, ɗan Kano a tsakiya, amma mu kullum kishiya ta zuba magani a kunu. Masu fassara finafinan Indiya kuma, don Allah wani ya yi mana Margin Call da Hausa, shi ma fim ne kan wannan rikici, dare ɗaya ne kacal a cikin banki, ba waƙa ba rawa. Sai dai a rage mana tallan nan da lambar waya da ke rufe rabin fuskar jarumi.