Rimot ɗin na'urar ji: Hajiya ta fi bature bukatarsa, amma ba shi ne farkon saye ba

A nan Ingila rimot ɗin na'urar ji bai dami kowa ba. Ɗan abu ne da bai wuce girman akwatin ashana ba, da maɓalli uku ko huɗu: na ƙara sauti, na ragewa, da na sauya tsari daga na hira a ɗaki zuwa na wurin hayaniya. Phonak na Suwizalan yana yin nasa, Oticon da ReSound na Denmak ma haka, kuma rimot ɗin wannan kamfani ba ya aiki da na'urar wancan. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, tana ba mai bukata na'urar aro ba tare da ya biya ko sisi ba, har da batir, amma rimot sau da yawa sai mutum ya sa kuɗinsa. Mutane da dama ba sa saye. Kunnen bature a buɗe yake, in sauti ya yi masa yawa sai ya kai yatsa bayan kunne ya danna, ba wanda zai kalle shi. Matasa kuwa manhajar waya suke amfani da ita. Wanda aka fi yi wa tallan rimot shi ne tsohon da ciwon gaɓoɓi ya kama wa yatsu.

Ni a ganina an ƙera wannan abu ne saboda mutanenmu, ko da masu ƙerawar ba su sani ba.

Duba yadda muke sa sutura. Mace ta ɗaura ɗankwali, ta ɗora hijabi har ƙasa, na'urar tana can ciki. In za ta rage sauti sai ta cusa hannu ta ƙarƙashin hijabin tana laluben wani maɓalli mitsitsi a gaban surukai. Malami mai rawani shi ma haka. Ga kuma yadda sautin wurarenmu yake tashi da sauka ba sallama: ana hira a hankali a tsakar gida, sai lasifikar masallacin unguwa ta ɗauka, ko maƙwabci ya tayar da janareta, ko a gidan biki mai kiɗa ya ƙure na'urarsa. Mai na'urar ji yana shan wahalar wannan fiye da kowa, don ƙarar da ta ɗan dame ka shi har cikin ka take shigar masa. Da yawa sukan gaji su cire ta su jefa a aljihu, daga nan sai ta koma cikin durowa, shi ke nan.

Akwai wata dattijuwa 'yar Zariya da ta zo zama wurin ɗanta a Manchesta. Rimot ɗinta a maƙale yake da zare tare da carbinta. Ranar wata walimar suna yara sun cika falo da ihu, na ga ta ɗan yamutsa fuska, na ce, “Hajiya, ko a fitar da su waje ne?” Ta ce, “Bar su, ɗana, ai maganinsu yana hannuna.” Ta danna sau biyu ba tare da ta ko duba ba, ta ci gaba da jan carbi. Da matar ɗan ta zo gaishe ta, ta sake dannawa ta amsa gaisuwa daidai, ba “me kika ce?” ko sau ɗaya. Wanda ya san yadda ake yi wa tsoho a gida in ji ya fara ja baya, yadda ake ɗaga masa murya kamar ana faɗa, yadda a hankali ake daina sa shi cikin shawara, zai gane girman abin da wannan ɗan maɓalli ya tsare mata.

Wasu za su ce ai waya ta wadatar. A nan ta wadatar. A gida kuwa manhajar tana son babbar waya mai Bluetooth da caji, ga rubutun ciki da Turanci, sannan wayar kaka ai ta jikoki ce, rabin yini tana hannunsu suna kallon bidiyo. Rimot batirinsa yakan yi watanni, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma wanda bai yi boko ba zai iya shi cikin minti biyar.

To ga inda nake saɓawa da 'yan'uwana mazauna waje. Mun iya aika kaya. Mutum zai ji an ce Baba ba ya ji sosai, sai ya shiga intanet ya sayi na'ura mai tsada da rimot ɗinta da komai, ya ba matafiyi. Wani ma ta wani mamaci ce aka ba shi. Bayan wata biyu a ce Baba ya ƙi sawa, wai taurin kai. Ba taurin kai ba ne. Rashin ji ba iri ɗaya ba ne: na tsufa yakan fara cin sirarrun sautuka ne, irin su “s” da “sh” da “ts”, shi ya sa tsoho yake ce maka yana jin magana amma ba ya rarrabe ta. Na wanda sanƙarau ya taɓa daban, kuma annobar 1996 ta bar irinsu da yawa a Arewa. Na mai injin niƙa da ya shekara ashirin a gindin ƙara shi ma daban. Sai masanin gwajin ji ya auna kowane kunne, ya saita na'urar da kwamfuta bisa abin da ya gani. Rimot yana yawo ne kawai tsakanin tsare-tsaren da masanin ya zuba. In ba a saita ba, danna maɓallin ƙari ba abin da zai ƙara wa Baba sai hayaniya. Wani lokaci ma dauɗar kunne ce ta toshe, a wanke a wuce wurin. In kuwa kunnen yana fitar da ruwa, toshe shi da na'ura kafin magani ƙara ciwo ne.

Na san samun masanin ba sauƙi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne ke bukatar taimako saboda raunin ji, kuma kashi 17 cikin ɗari kacal na masu bukatar na'ura ne suke amfani da ita. Amma ba a rasa gaba ɗaya ba. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Kuɗin mota da na gwaji bai kama ƙafar kuɗin na'urar da za a ajiye a durowa ba. Kuma a tambayi masu gwajin wane kamfani suke da kayan saita na'urarsa kafin a saya, don ba kowace za su iya taɓawa ba.

Abu ɗaya da ke ba ni kishi a nan shi ne alamar nan ta kunne mai harafin T da ake liƙawa a banki da gidan waya da tashar jirgin ƙasa da coci-coci. Wayar lantarki ce aka zagaye wurin da ita aka haɗa da makirufo. Mai na'ura yana sauya tsari zuwa T, sai muryar mai magana ta shigo masa kai tsaye, surutun gefe ya koma baya. Kwamitocin masallatanmu na Juma'a suna kashe kuɗi wajen ƙaro lasifika, tsofaffin sahun gaba kuma suna tashi ba su fahimci huɗuba ba. Da za a zagaye sahu uku na farko da irin wannan waya, da an ga bambanci.

Sai batir, wanda shi ne yake kashe yawancin na'urorin da aka aika gida. Lambobinsu huɗu ne, kowanne da launinsa: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska suke aiki, da zarar an ɓare takardar bayansu sun fara ƙarewa ko an sa ko ba a sa ba, kuma ƙananan ba sa wuce 'yan kwanaki. Ba a kowane kemis ake samunsu ba. Ƙurar hunturu da gumin bazara suna toshe 'yar matatar bakin na'urar, ruwan alwala ma in ya shige ta matsala ne, gara a cire kafin shafar kunne. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni me zai aika, nakan ce ya fara tura kuɗin tafiya Kaduna a yi gwaji. In an gwada an saita, sai ya cika jaka da batir na shekara guda da matatu da ɗan gwangwanin busar da na'ura, sannan ya ɗora rimot biyu a kai, don jikoki za su ɗauke ɗaya su gwada shi a talabijin.