Abin da WeChat ba ya iya kai wa ɗalibin Sin

A shekarar karatu ta 2019/2020, ɗaliban ƙasar Sin da ke jami'o'in Amurka sun haura 370,000. Da wuya ka sami ɗaya cikinsu da ba shi da WeChat, manhajar hira da kiran bidiyo ta Sin, a waya, yana ganin fuskar mahaifiyarsa duk lokacin da ya so. Duk da haka kewar gida tana nan daram. Waya dai hoto da murya take ɗauka. Ƙamshin girki, da ɗanɗano, da ɗumin kofin shayi a tafin hannu, duk sai a bar su a can. Shi ya sa nake ganin masu karatun zane da ƙira daga cikin ɗaliban nan sun kama bakin zaren, da suka koma gina ayyukansu a kan hanci da harshe da fata.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa saƙon hanci yana da gajeriyar hanya zuwa sassan da ke riƙe da tuni da motsin rai, ba ya bi ta tashar da saƙon ido da kunne ke fara yada zango. Wannan ne dalilin da ƙamshi ɗaya zai mayar da mutum ɗakin kakarsa kafin ma ya gane me ya shaƙa. Duk wanda ya taɓa tura daddawa da kuka da yaji cikin akwatin ɗansa mai tafiya karatu Wuhan ko Alƙahira ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Leƙa ɗakin kwanan ɗalibin Sin a Landan ko Sidni. Sau da yawa akwai tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, da butar ruwan zafi, da kwalbar yajin Lao Gan Ma mai jar takarda, da hoton Tao Huabi, matar da ta kafa kamfanin a Guiyang, tana kallonka ba ko murmushi. Kwalbar nan ta zama tamkar 'yar rakiya. Darajarta ta ƙaru a 2020, lokacin da Beijing ta taƙaita jiragen ƙasashen waje saboda korona, kuɗin tikiti ya yi tashin gwauron zabi, kuma ba a ɗage killace masu shigowa ba sai Janairun 2023. Da yawa sun yi shekara biyu ko uku ba su taka gida ba.

Sai dai ina da ƙorafi. Ɗalibin da ke neman maki a hannun malami Bature yana iya faɗawa tarkon sayar masa da Sin ɗin da ya riga ya sani: jar fitila, hoton dodo, turaren ɗakin ibada. Baƙi za su zo baje koli su ce kai, abin sha'awa, su wuce. To amma ba wanda ke kewar ƙasa mai mutum biliyan 1.4 gaba ɗayanta. Yarinyar Hangzhou ƙamshin furen guihua take nema, wanda ke cika titunan birninsu da kaka. Ɗan Chengdu kuwa abin da ya rasa shi ne barkonon Sichuan mai sa leɓe ya yi zir-zir kamar an jona masa lantarki. Haɗa su a ɗaki ɗaya da sunan "gida", ka ga ɗaya na hawaye, ɗayan yana duba agogo.

Aikin da zan yaba shi ne wanda ya yarda ya ƙanƙance, ya kama lungu guda, ko da rabin masu kallo ba za su fahimta ba. Kuma ya faɗi gaskiya cewa kwaikwayon ba ya cika. Kek ɗin wata da Sinawa ke ci a bikin tsakiyar kaka misali ne: ƙasashe irin su Ostireliya ba sa barin a shigo da mai nama a ciki daga hannun matafiyi ko ta gidan waya. Uwa ta aiko, kwastan su riƙe. Ɗalibin sai ya sayi na kanti a unguwar Sinawa, ya yanka shi gida huɗu, ya raba da abokan ɗaki, ya ɗaga waya ya nuna wa mahaifiyarsa cewa ya ci.