Ni da safar yaron nan, sai Allah

Wai don Allah yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ba ya jin sanyi ne? Hunturun Bauchi na busawa, hazo ya rufe gari ko dutse ba a hangowa, ni babba ina karkarwa cikin zani biyu, shi kuwa gogan ya tuɓe hula ya jefa a bokitin wanki! Safa ƙafa shida na sayo a gwanjon Muda Lawal, yau ko biyu masu kama da juna babu, ɗaya ma a tukunyar miya na tsinto ta. Tunda ya fara tafiya ban sake zama ba, in na hura gawayi can ya nufa, in na sirka ruwan wanka sai ihu kamar ana yanka shi, maƙwabta har leƙowa suke. Na shafe shi da man kaɗanya yana ƙyalli, minti biyar ya dawo fari fat kamar an tono shi daga toka. Kalma ɗaya ya iya a duniya, "a'a". Ga majina ba ta hutu. Sannan Hajiya ta shigo ta ce, "Ke kuwa ba kya rufe wa yaron nan kai ne?" Da me zan rufe, Hajiya, da ƙusa?