Alhaji Ya Sayi Faɗuwar Rana

Shekara uku Hajiya tana yi wa Alhaji Bakano mitar ya kai ta hutu. Da ya gaji ya ce a tafi Zanzibar, amma da sharaɗi: a ɗauki ƙaninta Malam Bazazzagi, wanda ya rantse yana jin Suwahilanci tunda rabinsa Larabci ne. Tafinta kyauta ke nan, kuma ba a taɓa jin ɗan kasuwar Kwari ya bar kyauta ta wuce ba. Ga su a bakin teku kusa da lambun Forodhani, a tsohon garin Zanzibar, ƙarfe 11 na safe, suna jiran jirgin ruwan yawon kallon faɗuwar rana.

ALHAJI: Malam, awa guda muna tsaye, rana ta dafa mini ƙeya. Ina jirgin?

MALAM: Haƙuri, Alhaji. Da kunnena na ji mutumin ya ce "saa kumi". Saa ita ce sa'a. Kumi kuwa goma. Ƙarfe 10 ke nan, su ne suka makara.

HAJIYA: Ni fa tun jiya nake tambaya, wace irin rana ce take faɗuwa da hantsi?

MALAM: Yaya, nan kudu muke da tsakiyar duniya. Komai nasu a juye yake.

(Hajiya ta je wajen wani dattijo mai gahawa, suka yi 'yan maganganu da Turanci, ta dawo tana ƙunshe dariya.)

HAJIYA: To ku zo mu koma masauki. Su nan daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a wurinsu. Goman da ka ji, 4 na la'asar ce.

ALHAJI: Wato sammakon awa 6 muka yi.

MALAM: Ai fassarata daidai take. Agogonsu ne bai yi karatu ba.

Da la'asar suka dawo. Kafin a shiga jirgi Malam ya shimfiɗa rawaninsa a kan yashi, ya ba rana baya, zai tayar da salla. Sai matuƙin jirgin, wanda a can suke kira nahoda, ya zo ya kama kafaɗunsa a hankali ya juya shi hagu.

MALAM: Kai, sake ni! Tun da aka yanke mini cibi gabas nake kallo. Mu da muka koya wa Kanawa alwala!

HAJIYA: Yana cewa daga nan Makka tana arewa sak. Har ma a harshensu in an ce "kibla" arewa ake nufi. In ka dage sai gabas, ya ce Jakarta za ka fuskanta.

ALHAJI: Ƙyale shi, Hajiya. Wataƙila akwai wani shehin Zagezagi a can.

MALAM: Gwada shi nake yi. Ya ci jarrabawa.

Aka idar. Jirgin yana can cikin ruwa, sai an tattare an taka ruwa zuwa gwiwa. Alhaji ya naɗe babbar riga a wuya, takalmi a hannu ɗaya, jakar kuɗi a ɗayan.

ALHAJI: Tsaya tukuna. Hajiya, nawa kika ce?

HAJIYA: Dala 40 kowane mutum.

ALHAJI: Dalar Amurka ko dutsen Dala? Mu uku dala 120! A kai mu ina?

HAJIYA: Ba ko'ina. A zaga da mu a dawo nan.

ALHAJI: A dawo nan! To ai ga mu a nan ɗin. Mu zauna mun riga mun iso.

HAJIYA: Faɗuwar rana za mu gani, Alhaji.

ALHAJI: Wadda na sani ko wata? Shekara 58 tana faɗuwa a bayan Goron Dutse, ko sisi ba ta taɓa cajina ba. Tambaye shi, in mun kalla da ido ɗaya akwai ragi?

NAHODA: Karibu, mzee. Pole pole.

MALAM: Ya ce ka kusanto, kuma dole dole.

HAJIYA: Cewa ya yi sannu da zuwa, ka taka a hankali.

Aka ba kowa rigar ceto mai ruwan goro. Ta Alhaji ta ƙi haɗuwa a kan tumbi, sai aka ɗaure ta da igiya kamar dilar atamfa. Akwai wasu Turawa biyu a gaba, miji da mata, sun yi jajir kamar gauta. A baya kuma wani saurayi yana kaɗa ƙaramar ganga, wani yana taɓa molon Larabawa. Inji ya yi ta kuka har suka yi nisa da gaɓa, sai nahoda ya kashe shi. Shiru.

ALHAJI: Innalillahi! Mai ya ƙare. Na faɗa miki! Dala 120 ko galan guda ba su zuba ba!

HAJIYA: Da gangan ya kashe. Dubi can.

(Samari uku suna jan igiya suna waƙa, wani ƙaton farin ƙyalle mai kusurwa uku ya tashi sama, iska ta cika shi, jirgin ya kwanta gefe ɗaya ya fara tafiya.)

ALHAJI: (ya manta da tsoro, ya miƙa hannu yana murza bakin ƙyallen) Hmm. Wannan ai ɗan'uwan akoko ne, sai dai ya fi kauri. Zai kai yadi 50. Tambaye shi a ina suke saro shi, ina da wanda ya fi wannan, kuma ba ya zuba.

HAJIYA: Alhaji, hutu muka zo.

ALHAJI: To yanzu me yake tura mu?

HAJIYA: Iska.

ALHAJI: Ta wa?

HAJIYA: Ta Allah mana.

ALHAJI: Bari in yi lissafi. Ranar ta Allah ce. Iskar ta Allah ce. Ruwan na Allah ne. Kuɗin kuma na wannan mutumin ne. Wallahi na yi shekara 40 a kasuwa ban taɓa ganin sana'a mai albarka irin wannan ba. Ko jari babu!

MALAM: Ka ga wanda ya fi Bakano. Ashe ko da me ka zo an fi ka ɗin ba a Kano kaɗai take ba.

HAJIYA: Nahoda yana cewa kada ka raina iskar nan, ita ta gina garinsu. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa, suna ce mata kaskazi, ita take kawo jirage daga Oman da Indiya ɗauke da dabino da yadi. Daga Afrilu sai ta juya, ta zama kusi, ta mayar da su gida da kanumfari da hauren giwa. In ka zo da wannan, sai ka zauna ka jira waccan.

ALHAJI: Wata nawa?

HAJIYA: Ya danganta. Uku, huɗu.

ALHAJI: Mutum ya sayar da kaya ya zauna wata huɗu yana cin uwar kuɗi yana jiran iska? Gara fataken jaki. Jaki in ka doke shi zai tashi.

MALAM: Shi ya sa da yawansu suka yi aure a nan suka zauna. Har Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya kwaso fadarsa daga Maskat ya dawo nan a wajen 1840. Wannan a littafi na karanta, ba fassara ba ce, kada ka harare ni.

Jirgin ya bi ta gaban garin. Gidajen dutse sun jeru a bakin ruwa, rana ta shafa musu ruwan zinariya. Maganar gaskiya wurin yana da kyau, ko Alhaji sai da ya yi shiru na kusan rabin minti.

HAJIYA: Wancan babban shi ne Baitul Aja'ib, Sarki Bargash ya gina shi a 1883. Wani sashe ya rufta a 2020. Kuma nahoda ya ce daidai inda muke ɗin nan jiragen yaƙin Ingila suka tsaya a 1896 suka yi ta aman wuta a kan fada. Ko minti 45 ba a yi ba aka gama yaƙin.

MALAM: To fa. Kusan irin na Kano a 1903. Da safe aka fara, kafin azahar an shiga gari.

ALHAJI: Mu dai mun tsaya a kan ganuwa an gwabza. Ku fa? A 1902 da kanku kuka aika a kira muku su. Naku yaƙin ko agogo ba a duba ba.

MALAM: Wannan siyasa ce, ba ka da iliminta.

(Wani yaro ya zo da faranti: alewar kwakwa, yankakken mangwaro, ɗanyar kwakwa da aka fasa wa kai, da tsire a tsinke.)

YARO: Kaka, karibu. Kuku.

MALAM: Kai, ni ne kakanka? Ko furfura goma ban yi ba! Alhaji, ajiye tsiren nan. Ajiye! Ya ce kuku ne.

ALHAJI: Kukun wa?

MALAM: Na jirgin mana. Ka ga wani mai dafa abinci tun da muka shigo? Sun gasa shi!

HAJIYA: Allah ya shirye ka. Kaka a wurinsu yaya ne, kuku kuma kaza.

ALHAJI: Malam, daga yau in ka ce mini ga wuta, wanka zan shiga. Miƙo farantin nan. Duk a cikin dala 120 yake, ko?

HAJIYA: A ciki yake. Amma ka bi a hankali, teku ce.

ALHAJI: Teku ta ci nata, ni ma in ci nawa.

Ya ci rabonsa, ya ci na Malam, ya shanye kwakwa uku. Da Turawan suka ce sun ƙoshi ya karɓi nasu don kada a yi almubazzaranci. Har wani abu mai hannu takwas da aka gasa ya tauna, yana cewa ganda ce. Ana cikin haka jirgin ya juya ya nufi wajen tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, igiyar ruwa ta fara ɗaga shi tana saukewa.

ALHAJI: Hajiya.

HAJIYA: Na'am.

ALHAJI: Ce wa direba ya faka.

HAJIYA: A ina?

ALHAJI: Ko'ina. A gefen hanya. Cikina yana hawa yana sauka, kazar nan ta farfaɗo.

MALAM: Ina ce ka ce ka saba da ruwa? Kai ne har da Tiga.

ALHAJI: A kan gada na wuce ta, cikin mota! Wayyo Allah. Hajiya, in ta Allah ta kasance, akwai littafin bashi a ƙarƙashin katifa. Kada ki yafe wa kowa. Musamman ƙaninki.

(Ya durƙusa ya rungume gefen jirgi, kai a ƙasa, hula a hannun Hajiya. Sama ta yi ja. Masu kiɗa suka sassauta. Turawa suka ɗaga waya.)

NAHODA: Jua linazama!

MALAM: Alhaji, tashi! Ya ce rana tana nutsewa!

ALHAJI: (kai a ƙasa) Ƙarya kake. Ƙila cewa ya yi a kawo shayi.

MALAM: Wallahi wannan karon daidai ne! Ga ta can kamar ƙwallon wuta, gindinta ya taɓa ruwa!

ALHAJI: Ka ce ƙarfe 10, ka ce gabas, ka ce an gasa kuku. Ba ni ɗagowa.

HAJIYA: Subhanallah. Kai, jama'a. Alhaji, ɗago ka gani!

ALHAJI: Ce mata ta jira, ina zuwa.

A wannan yanki kuwa rana ba ta jan ciniki. Daga taɓa ruwa zuwa ɓacewa minti 2 ne da 'yan kai. Alhaji ya mayar wa teku da duk abin da ya ci, ya goge baki, ya gyara rigar ceto, ya ɗago da martaba.

ALHAJI: To, na shirya. Ina take?

HAJIYA: Ta faɗi.

ALHAJI: Wa ya ba ta izini? A sake!

MALAM: Sai gobe. Dala 40.

ALHAJI: Tambaye shi ina ta tafi.

HAJIYA: Ya ce yamma mana. Ta haye babban yankin Tanzaniya, ta bi ta Kwango, ta yi wajenku.

(Alhaji ya yi tsit. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kira yaron shagonsa ta WhatsApp.)

ALHAJI: Kai, kana shago? Leƙa waje. Akwai rana? ... Ƙarfe nawa? ... Huɗu da rabi? Tana nan garau? ... Hajiya, kin ji! Tana Kano! Wadda na biya dala 120 tana can a kan rumfar mai shayi, almajirai suna kallonta kyauta!

HAJIYA: Awa 2 ne tsakaninmu da su, Alhaji.

ALHAJI: Kai, saurara da kyau. Rufe shagon. Hau Dala yanzun nan, ka tsaya ka kalle ta har ta faɗi, ka ce a madadina ne, an riga an biya. ... A'a, ban haukace ba. Kuma in ka hau, ka auna mini saman da ƙafa, ka ga benci nawa zai ɗauka. Ka biya wajen mai tsire ka ji farashin tsinke 100.

MALAM: In Turawa sun fara zuwa za ka buƙaci tafinta.

ALHAJI: Hajiya, tambayi mutumin nan nawa zai karɓa ya bar wannan a tsibirin kunkuru.